Turaku Huɗu a Kwarin Walmi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa kamar tabarma, ya cusa abin da ya ga dama a ƙarƙashinta, bai yi shawara da kowa ba. Bayan haka, ku gyara zama. Ni ne Cindo, ɗan masu haƙar rijiya na Birnin Tandarma, wanda ya ƙetare Filin Gishiri da ƙafa, ya ratsa Dajin Suri, ya ci tuwon Walmawa kwana arba'in. Zan faɗa muku abin da na fita nema, da yadda na same shi. Wanda ya zo jin labarin jarumi ya tashi tun yanzu, ga ƙofa can.

Ban taɓa durƙusawa gaban malamin ƙasa ba. A cikin rami na yi karatuna. Shekara ashirin ana zura ni da igiya, ina kallon yadda ƙasa take kwanciya hawa-hawa, ja bisa fara, fara bisa baƙa. Har ta kai in na lashi dutse sai in gaya maka inda ya fito da abin da yake ɓoyewa. Amma a birninmu wannan ba ilimi ba ne. Ilimi yana Zauren Masana Ƙasa, inda masu manyan rawuna suke zaune bisa buzaye, da taswirar duniya rataye a bango. Su ake tambaya kafin a tona ko'ina.

Wata rana na kai musu wani koren dutse da na ciro daga rijiya. Babbansu, Malam Ɗangwani, ko hannu bai miƙo ba. Ƙafata ya kalla.

"Wa ya bar mai yasar rijiya ya shigo mana da laka?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, lakar nan ita ce ƙasar da kuke cewa kun sani. Ku gaisa mana, ga alama yau kuka fara haɗuwa."

Aka fitar da ni ta ƙeya. Sai dai a bakin ƙofar an sassaƙa dokar Zaure, na kuwa tsaya na karanta ta da baƙin da na koya wa kaina. Ta ce duk wanda ya samo uku a kwari ɗaya, jan ƙarfe da zinariya da dutsen gyare, ya kuma riga kowa kafa turakun ƙarfe huɗu a kusurwoyin kwarin, to a rubuta sunansa bisa wurin a babbar taswira, a shimfiɗa masa buzu a Zaure. Dokar ba ta ce sai mai rawani ba.

Dutsen gyare shi ne wanda malamai ke kira yuraniyom. Rawaya ne, ba ya ƙyalli, amma an ce dunƙule ɗaya yana iya kunna fitilun birni guda. Ido ba ya rabe shi da sauran duwatsu sai da wani akwati mai kuka kamar gyare in an kusanta shi. Zaure ba ya ba irina aron akwati. Na tono wani fasasshe a jujin bayan Zauren, na yi wata uku ina fama da shi har ya yi kuka. Maƙeri ya ƙera mini turaku huɗu, kowanne kamu biyu. Na rantse ba zan sake taka Tandarma ba sai sunana yana jikin bangon nan.

Abokin tafiyata shi ne Nomau, taubashina, ɗan kawuna, mai jakai biyar da baki ɗaya da ba ya rufuwa.

"Kai bawana," in ji shi ranar da muka fita, "in ka zama malami ni zan riƙa naɗa maka rawani, don kanka ya yi kama da tulu, ba kowa zai iya ba."

"Ja jakinka, ɗan kawu. Shi kaɗai ke fahimtar maganarka."

Muka yi gabas wata biyu, har garuruwa suka ƙare, hanya ta ƙare, muka tsaya a bakin Filin Gishiri. Fari fat, iyakar ganinka, babu tsiro, babu tsuntsu. Kwana tara ake yi a cikinsa. Da rana takan fito maka da birane a sama, da ganuwa da dabino da mata masu tuluna, in ka bi su ba a sake ganinka. Nomau ya ɗaure wa jakai ƙyalle a ido, ya ɗinka musu takalman fata don kada gishiri ya cinye kofato. Ni kuwa a rana ta shida na ga Zaure a sararin sama, da buzu a shimfiɗe babu kowa a kai. Na yar da sanda na nufe shi. Nomau ya sha gabana, ya kwaɗa mini mari, ya ɗaure ni da igiya a bayan jaki.

"Na daɗe ina neman dalili," in ji shi. "Allah ya kawo."

Mun fito da salka ɗaya, leɓunanmu duk sun tsage.

Daga nan sai Dajin Suri. Ku da kuka saba ganin suri iya ƙugu, ku yi shiru. Waɗannan sun fi hasumiya tsawo, garar da ta gina su kuwa kowace ta kai ɗan akuya. Nomau ya ce mu bi ta gefe. Ni na ƙi, don na san abin da masu rawani ba su sani ba: gara mai haƙar rijiya ce kamata. Tana nutsawa har inda ruwa yake, ta ɗauko ƙasar can ƙasa ta ɗora a sama. Duk abin da ke ƙarƙashi yana jikin suri, ba sai ka tona ba.

Na kankaro ƙasar suri na farko, na zuba a ƙwarya, na wanke da ruwan wani tafki, ina juyawa ina zubarwa. A gindin ƙwaryar, ƙwaya biyu na zinariya, kamar ƙwan kwarkwata. Na yi arewa, ƙwaya ɗaya. Na dawo na yi gabas, biyar. Gaba kaɗan, tara. Haka muka riƙa bin ƙwarya tana ja mana gora, har zari ya kama ni na kai wa wani suri guduma da ƙarfi, ɓangare guda ya rufto.

Sai ga zago, mayaƙansu, masu jajayen kawuna da baki kamar almakashi. Kafin mu juya sun kewaye mu. Ɗaya ya kama sandata, ƙaras, ta zama biyu. Muka haye wani falalen dutse da jakai, su kuwa suka fara gina ƙasa a kewayenmu, za su rufe mu da rai su ci a hankali.

"To, Malam Cindo," in ji Nomau, "lashi wannan ka gaya mana inda ya fito."

Na zage shi, na zagi garar, sannan na kalle su da kyau. Ba su da ido, da ji suke aiki. Na kuma tuna a kowace rijiya da na yi aiki kusa da suri, da zarar yayyafi ya fara sai gara ta bar komai ta ruga toshe ƙofofinta. Na ce da Nomau ya kwance busasshen ƙirgin da muke rufe kaya, muka ɗame shi tsakanin jakai biyu. Na ɗaga taikin geronmu sama na fara zubawa a kai, kaɗan-kaɗan, sannan da yawa. Tsaf-tsaf-tsaf, sai ka rantse ruwan farkon damina ne. Zago suka tsaya cik. Sai suka juya gaba ɗaya, suna hawan juna, suka shige. Muka tsallake ginin da suka fara, muka ruga. Geron kuwa ya watse a ƙasa, ba wanda ya tsaya tsinta.

Kwana huɗu muna tafiya da yunwa, ƙwarya tana ƙara nuna gabas, har muka hau wani tudu muka leƙa. Ga kwari a ƙasa, kore shar, duwatsu sun rungume shi ta ko'ina, da gonaki da rumbuna da hayaƙin girki. Wannan shi ne Kwarin Walmi. Ba ya cikin taswirar kowa.

Walmawa ba su kai dubu ba. Ba su da sarki, sai wata tsohuwa mai kula da idon ruwansu, ana ce mata Iya Gwamma. Ruwan kwarin duka daga ido ɗaya yake fitowa, a gindin wani dutse. Suna jin tsohon harshen fatake, muka fahimci juna. Ba a tambaye mu komai ba sai da muka ci muka sha, muka yi barcin kwana biyu.

A rana ta uku Iya Gwamma ta zo ta zauna, ta nuna gudumata da sandarta.

"Ɗan nan, me kake yi da wannan?"

"Duwatsu nake bugawa, Iya. Ina tambayarsu abin da suka ɓoye."

Ta ce, "Dutse ƙashi ne. Bugi ƙashi yadda kake so, ba ya jin zafi."

Na ce na gode. Ban tambaye ta mene ne tsoka ba. Turakuna suna naɗe cikin tsumma a ƙasan mangala, ba ta gan su ba, ni ma ban ga dalilin nuna mata ba.

Na lura da wani abu tun ranar farko. Suna da wuƙaƙe, suna da allura, suna da gatarin sare itace, amma a gona ba ƙarfe ko ɗaya. Fartanyarsu ƙahon sa ce, garmarsu itace. Kabari ma da ƙaho suke haƙa shi. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce da Nomau, "Dubi bayin Allah, suna zaune bisa jan ƙarfe suna noma da ƙaho. In na zama malami zan aiko musu da fartanya ɗari sadaka."

"Ka tambaye su dalili mana."

"Dalilin wauta? Ni da na zo da aiki?"

Nomau dai ya sake. Yana ɗaukar musu dawa da jakai, yana koya wa maza ɗinkin takalmi, tsofaffin mata suna kiransa mijinsu. Ni kuwa ban san sunan mutum biyar a kwarin ba. Da hantsi ina kan dutse, da la'asar ina kan dutse. A kudu na sami bango guda da ya yi kore kamar an shafa masa kuka, na fasa, ga jan ƙarfe yana ƙyalli. A rafin da ke gangarowa daga ido na wanke yashi, zinariya ta kwanta a ƙwarya. Biyu ke nan. Na uku ya wahalar da ni wata guda. Na rataya akwati a wuya ina bin kwarin taki-taki, shiru. Ranar kwana na talatin da tara na zagaya bayan dutsen da ruwa ke fitowa, sai akwatin ya ce ƙir. Na matsa. Ƙirrr. Na durƙusa, ga wata jijiya rawaya a jikin dutse, akwati yana kuka kamar gyare dubu. Na zauna a wurin na yi kuka ni ma, ba na jin kunyar faɗa.

Washegari da hantsi na hau tudu don in zaɓi kusurwoyi. Sai na hango ayari can yamma, raƙuma kamar ashirin, da tuta shuɗiya a gaba. Tutar Zaure ce. Tafiyar yini ɗaya tsakaninmu, ko ƙasa da haka.

Na gangaro kamar an jefo ni. Mutanen gari duk suna gona, ana yankan dawa. Na zazzage mangala, turaku suka zube.

Nomau ya ce, "Me ya faru?"

"Ɗangwani! Ya biyo sawuna, tsohon munafuki. Yana so ya zo ya kafa nasa a kan wahalata. Ɗauki biyu, ka yi kudu."

"Tsaya, Cindo. Ƙasar mutane ce. Mu je wurin Iya tukuna, ga ta can a gona, ko tafiyar shan ruwa ba ta kai ba."

"In ce mata me? Ta tara tsofaffi su yi kwana uku suna tauna magana? Sanda huɗu ce kawai, ba gonar kowa zan ci ba."

"Ni dai jikina bai ba ni ba. Mutanen da ko kabari..."

"Jikinka! Shekara ashirin ina cikin rami ana zubo mini ƙasa a ka, yau saura taki ɗaya, sai jikin mai jaki ya tsayar da ni? In ba za ka ɗauka ba, kauce."

Ya kauce. Wannan ne karo na farko da na zage shi bai rama ba.

Ni kaɗai na yi. Na zaga kwarin da gudu, gabas, kudu, yamma, arewa. Ƙasar tana da laushi, bugu uku turke yake shigewa. Ina buga na huɗu, kusa da wata gona, sai na ji waƙar masu yankan dawa ta yanke. Na ɗaga kai. Wata mata tana tsaye da dami a ka, tana kallon hannuna. Damin ya faɗi. Ba ta yi ihu ba. Ta dai zauna a ƙasa ta ɗora hannu biyu a ka.

Kafin azahar an busa ƙaho. Iya Gwamma ta bi turakun ɗaya bayan ɗaya da ƙafarta, jama'a na biye. A na huɗu ta same ni.

"Kai ka sa?"

"Ni ne, Iya. Alama ce kawai, irin ta mutanenmu. Don a san ni na fara zuwa."

"Huɗu ne?"

"Huɗu."

Ta gyaɗa kai. "Da ɗaya ne, da mun ce rauni ne, mu yi mata magani. Huɗu a kusurwa huɗu, haka kakanninmu suka yanka Kwarin Tsamiya lokacin da ruwansa ya fara kashe 'ya'ya. Ƙarfe ba ya shiga ƙasa sai ranar da za a yanka ta. Ka yanka ta, ɗan nan. Ka kuwa iya yanka."

Na ji kamar an zare igiya ina tsakiyar rijiya. Na kama turken na tumɓuke, na jefar. "Ga shi na cire! Yanzu zan ciro sauran. Ramin ko ɓera ba zai shiga ba!"

"In ka zare wuƙa daga wuyan rago, tashi yake yi?"

"To me ya sa ba ku gaya mini ba? Kwana arba'in ina cikinku!"

"Kwana arba'in kana tambayar duwatsu," in ji ta. "Kuma wa yake tarar baƙo da cewa, don Allah kada ka yanka uwata? Mun ɗauka kowa ya sani."

Al'adarsu kwana uku ce. Ba a kwana na huɗu a kan gawa. Ba a ɗaukar irin da ya tsira a kanta, ba a ɗaukar dawar da ke rumbu, sai abin da aka riga aka dafa da ruwan da aka riga aka ɗebo. Na bi su gida-gida ina masifa. Na ce wauta ce, na ce ƙasa ba ta da wuya balle a yanka, na ce ni na san ƙasa fiye da kakanninsu. Na ciro sauran turakun na zube a gabansu. Na je ido na kwanta na sha har cikina ya cika, ina ihu, "Ku duba! Ruwan jiya ne! Me ya canza?"

Wani tsoho da yake naɗe tabarmarsa ya ce, "Sha abinka, baƙo. Kai ba ɗanta ba ne."

Ba wanda ya ɗaga mini hannu. Da sun yi mini duka da na fi samun sauƙi. Da maraice ma sai ga tuwona an aiko, kamar kullum.

Ayari ya iso washegari. Malam Ɗangwani ya sauko daga raƙumi, ya tsufa, ƙura ta yi masa fari. Ya dube ni ya daɗe kafin ya gane.

"Mai yasar rijiya? Me ya kawo ka nan?"

"Abin da ya kawo ka. Na riga ka."

"Riga ni me? Tsawon Filin Gishiri muka fito aunawa, ruwa ya ƙare mana, muka hango kore." Ya juya ga mutanensa. "Akwai wanda ya taho da turke a cikinku?"

Ba ko ɗaya. Igiyar awo ce kawai a kayansu.

Na nuna masa duwatsuna uku, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. A nan, in faɗi gaskiya, na ga malami. Ya tuɓe rawani, ya bi ni har wuraren uku, ya yini yana fasawa yana aunawa. Bangon kudu ya sa aka sare shi kamu ɗaya, sai ga baƙin dutse a ciki, koren a fata kawai yake. Zinariyar rafi ya ce mutum goma su wanke shekara, ba za su cika kurtun tozali ba. Jijiyar rawaya ya bi ta da akwatinsa, taki bakwai ta sirance kamar zare, ta ɓace.

"Uku ne, babu shakka," in ji shi. "Idonka yana da kyau, ban zata ba. Amma ba wanda zai ɗaure raƙumi ya ƙetare gishiri don wannan. Wurin bai kai a kafa bukka ba." Ya kakkaɓe hannu. "Sai dai doka ba ta ce mai yawa ba, ta ce uku. Ina turakunka? Sai na gan su a ƙasa da idona kafin in shaida."

Suna zube a gindin wata tsamiya. A bayanmu Walmawa suna jere, kowa da dutse a hannu, suna zuwa ɗaya-ɗaya suna ajiyewa a bakin ido. Binne ƙasarsu suke yi. Ina jin ƙarar ruwan tana raguwa.

Nomau yana tsaye kusa da jakansa. Ya ce, "Cindo." Sunana kawai.

Na ce a raina, an riga an yanka. Ramukan suna nan. Ko na mayar ko ban mayar ba, gobe za su tafi. In na bari, na kashe kwari a banza ke nan. Haka na gaya wa kaina, kuma har yau ban sami inda lissafin ya karkace ba. Na sunkuya na kwashi turakun.

Ko guduma ban nema ba. Da hannu suka shige.

Da gari ya waye, na tarar Nomau ya ɗora wa jakai tsofaffi biyu da salkuna. Ya ɗinka takalman fata tuli, yana rabawa.

"Ina za ka, ɗan kawu?"

"Ba su taɓa ganin gishiri ba. Za su bi biranen sama su ƙare."

"In kun ƙetare ka same ni a Tandarma. Ai kai za ka naɗa mini..."

"Malam Cindo," in ji shi, "a sauka lafiya."

Bai ce bawana ba. Ya durƙusa har ƙasa yadda ake yi wa manya, ya tashi ya kora jakansa.

Suka fita da hantsin rana ta uku, a layi ɗaya, da awaki da jarirai da tukwanen dafaffen abinci. Dawa tana tsaye a gona, rabi a yanke. Iya Gwamma ce ta ƙarshe. Ta wuce ta gabana, ta tsaya, na ɗauka za ta tsine mini, har na ji daɗi. Sai ta ce, "Akwai sauran tuwo a ɗakin da ka kwana. Ka rufe ƙofa in za ka fita, kada kura ta shiga."

Ban sake ganin ko ɗayansu ba. Na tambayi fatake shekara da shekaru. Wani ya ce ya ga wasu baƙi a bakin wani kogi a kudu, suna noma da ƙaho, ba su fi ɗari biyu ba. Wani ya ce ƙarya ne. Na tambaye su ko akwai mai jakai a ciki, mai surutu. Ba wanda ya lura.

A bayan raƙumin Malam Ɗangwani na koma Tandarma. Ya cika alkawarin doka, ba zan yi masa ƙarya ba. Aka tara Zaure, aka shimfiɗa buzu, aka sauko da babbar taswira. Magatakarda ya tsoma alƙalami, ya ɗaga kai.

"Allah gafarta Malam, garin Cindo za a sa, ko kwarin Cindo?"

Ɗangwani ya ce, "Akwai mutane?"

Aka juyo ana kallona. Na ce babu.

"Akwai ruwa?"

Na ce babu.

"To ka san ƙa'ida," in ji shi da magatakarda.

Shekara goma sha bakwai ke nan ina zaune bisa buzun nan. Aikin da aka ba ni shi ne sauraron masu neman shiga Zaure suna karanta hanyoyin gabas da ka, in gyara musu in sun yi kuskure. Kowace shekara sai su jeru a gabana, su ɗaga murya: daga Tandarma zuwa bakin gishiri wata biyu, gishiri kwana tara, Dajin Suri kwana huɗu, sannan Kufan Cindo, ba ruwa, ba mutane, kada ayari ya tsaya.

Ba su taɓa yin kuskure a wurin ba. Ni kuwa sai in ce, daidai, ku ci gaba.

Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya shimfiɗa ƙasa shi ya san sauran. Ku tashi, na gaji da ganinku.